Rijiyar Bayan Gareji: Yadda Gaurayen Sinadarai Suka Tsayar da Aikin Bakteriya a Wata Unguwa ta Gusau

Wurin da ake magana a kai fili ne da bai kai filin ƙwallo girma ba, a wata tsohuwar unguwa ta Gusau. Ba zan ambaci sunanta ba, domin masu gidajen suna nan, kuma magana irin wannan tana karya kuɗin gida. Ta gabas akwai gareji da ya daɗe ana gyaran janareto da injin ban ruwa da naɗin koyil a cikinsa. Ta yamma akwai kangon wani shagon wanki, irin wanda ake wanke kwat da babbar riga mai aiki da sinadari maimakon ruwa da sabulu. An rufe shi tuntuni, injinsa ma 'yan gwangwan sun saye. Tsakanin gareji da shagon akwai rami da aka haƙa tun asali don ɗiban ƙasar gini, daga baya ya zama majuyar duk abin da ya gama aiki: baƙin mai, ruwan batir, da dagwalon da ke kwantawa a gindin duro. Gidaje sun bi gangare ta kudu, kusan kowane gida da rijiyarsa, tunda ruwa yana wuya a garin nan idan bazara ta kama.

Wari ne ya fara tada zancen. Rijiyar gidan da ya fi kusa da ramin ta soma wani wari mai zaƙi-zaƙi irin na magani, har 'yan garuwa suka daina ɗiba. Mai gidan ya sa aka yashe ta, ya zuba alif, ya zuba hodar kulorin, warin ya lafa ya sake dawowa. Ɗansa, wanda ya karanta kimiyyar ƙananan halittu a jami'a, shi ya yi tunanin a auna ruwan, kuma ya yi abin da mutane da yawa ba sa yi: ya cika ƙananan kwalabe maƙil ba tare da ya bar kumfar iska ba, ya toshe, ya sa a ƙanƙara, aka aika ɗakin gwaji a kudu mai na'urar tantance sinadarai masu tashi. Da ya zuba a robar lemo ya bar rabinta iska, da yawancin abin ya tsere a hanya. Da sakamakon ya dawo aka kawo mini in duba.

Abin da takardar ta nuna

Sunaye shida ne suka fito fili. Akwai PCE, sinadarin wankin da ba ruwa, wanda babu shakka daga shagon yake. Akwai TCE, wanda ake wanke maiƙo daga jikin ƙarfe da shi. Akwai TCA, wanda masu naɗin koyil suka daɗe suna so saboda ba ya kama wuta da sauƙi kuma yana bushewa nan take. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987, bayan gyaran da aka yi mata a 1990, ta sa aka janye shi daga kasuwa saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, amma wanda aka riga aka zubar a ƙasa yana nan inda yake. Akwai kulorofom, wanda na fi zaton ɗan wani sinadari ne mai kulorin huɗu da a da ake cire tabo da shi a shagunan wanki, ake kuma ɗura shi a tsofaffin tukwanen kashe gobara. Idan ya shiga ƙasa mara iska yakan rikiɗe ya zama kulorofom. Sai biyu na ƙarshe: cis-DCE, wanda ya fi kowa yawa a rijiyoyin, da ɗan binil kulorayid.

Waɗannan biyun su ne labarin. Ba wanda ya taɓa shiga kasuwar Gusau ya sayo cis-DCE ko binil kulorayid ya zuba a ramin nan. A ƙarƙashin ƙasa aka yi su, kuma bakteriya ne suka yi su. Ganinsu ya nuna cewa aikin warware gubar ya riga ya fara da kansa, shekaru kafin kowa ya ji wari. Abin da bai fito a takardar ba shi ne etilin, wato ƙarshen hanyar, iskar nan mara lahani da ayaba da mangwaro ke fitarwa idan suna nuna. Aiki ya fara, ya tsaya a tsakiya.

Don a gane nauyin abin: a Amurka ma'aunin da aka yarda da shi a ruwan sha maikurogiram 5 ne a lita ga PCE (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), haka ma ga TCE, binil kulorayid kuwa 2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa na binil kulorayid a 0.3. Lita ɗaya ta TCE tana da nauyin kilo 1.46, kuma idan aka yi lissafi da ma'aunin 5, za ta iya ɓata kusan lita miliyan 290 na ruwa. Cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa TCE cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji, musamman na ƙoda. Binil kulorayid ma yana jerin tun bayan da aka gano wani nau'in dajin hanta a jikin ma'aikatan wata masana'antar roba a Kentaki a 1974. A watan Disamba na 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar haramta TCE da janye PCE daga shagunan wanki a hankali. Hanci kuwa ba ma'auni ba ne a nan: kafin mutum ya ji wari, ruwan ya ninka ma'aunin sau da yawa. Shi ya sa rijiyoyin maƙwabta da ba sa wari su ma aka ce a auna su, kuma an samu abin a wasunsu.

Shawarar farko: a kwashe ƙasa

Da aka zauna a zauren mai unguwa, tambayarsa ta farko ita ce wadda kowane Bazamfare zai yi. Ya ce, "Malam, mi zai hana a kwashe ƙasar wurin baki ɗaya kamar yadda anka yi Bagega?"

Tambaya ce ta mai hankali. Jihar nan ta ga gurɓatar ƙasa da idonta. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinari a cikin gidaje, kuma yara aƙalla 400 suka rasu. Maganin da aka yi a Dareta da 'Yargalma da Abare, sannan Bagega a 2013, shi ne a kankare saman ƙasar tsakar gida, a kai ta rami a binne, a shimfiɗa sabuwa. Ya yi aiki, domin dalma ƙura ce da ta kwanta a sama, kuma ba halittar da za ta iya rusa ta; sai dai a ɗauke ta daga inda yara ke rarrafe.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan ba ta kwana a sama ba." Waɗannan sinadarai sun fi ruwa nauyi. PCE ya fi ruwa nauyi da fiye da rabi. Fetur da gas idan suka zube suna yawo a saman ruwan ƙasa ne, su kuwa waɗannan ratsa shi suke yi su nutse, har sai sun tarar da laka ko dutse su kwanta. Ƙasar Gusau kuma tsohon dutse ne a ƙasa, samansa ya rududduge ya zama tsakuwa da laka, cikinsa da tsagogi. Abin da ya gangara cikin tsagar dutse ba shebur ɗin da zai kai gare shi. Yana nan yana narkewa kaɗan-kaɗan cikin ruwan da ke wucewa, shekara da shekaru. Kwashe dagwalon ramin yana da amfani, kuma an yi, amma rabin aiki ma bai kai ba.

A wannan zaman ne kuma aka dakatar da wani abu da ya fi komai ba ni tsoro. Mai gidan da rijiyarsa ke wari ya riga ya yi magana da masu haƙa burtsatse, da nufin ya wuce ruwan sama ya kai ga na ƙasa mai tsabta. Da an huda lakar da ke riƙe da sinadarin, ramin burtsatsen shi zai zama hanyar da zai bi ya sauka cikin tsagogin dutse, inda burtsatsen masallaci da na maƙwabta ke sha. Ya ji, ya haƙura, ko da yake bai ji daɗi ba.

Shawara ta biyu: a ciyar da bakteriya

Ɗan mai gidan ya zo da tasa, kuma ta fi ta farko kusa da gaskiya, wanda shi ya sa ta fi haɗari. Ya karanta cewa a Amurka da Kanada ana ɗura ruwan rake mai kauri ko man waken suya a ƙarƙashin ƙasa, bakteriya su cinye irin wannan guba. Ya ce, "Malam, ga mazarƙwaila nan a kasuwa, ga man waken suya, ga rijiya. Mu zuba kawai."

Abin da ya karanta gaskiya ne, amma sai an san yadda abin ke gudana. Akwai bakteriya da ke rayuwa inda babu iskar oksijin, suna numfashi da sinadarai masu kulorin. Suna karɓar haidurojin, su cire kulorin ɗaya daga jikin sinadarin su maye gurbinsa, su samu ƙarfin rayuwa daga wannan musaya. PCE na da kulorin huɗu. A cire ɗaya ya zama TCE, a cire na biyu ya zama cis-DCE, na uku binil kulorayid, na huɗu etilin. Haidurojin ɗin kuwa wasu bakteriya ne daban ke samar da shi idan suna ruɓar da sukari ko mai. To a ramin nan baƙin man da aka shekara ana zubawa shi ya zama abincin: ya cinye iskar da ke ƙasa, ya samar da haidurojin. Ƙazantar gareji ce ta tada aikin, ba da niyyar kowa ba. Wannan ya saɓa wa abin da ɗalibanmu suka saba karantawa game da malalar ɗanyen mai a Neja Delta, inda ake juya ƙasa a ba ta iska da taki. A nan iska ita ce abokiyar gaba.

Matsalar ita ce matakan ba hannu ɗaya ke yin su ba. Kamar aikin gero ne: masu sussuka da casa sun cika gari, mai injin niƙa kuwa ɗaya ne. Matakai biyu na farko halittu da dama na iya yin su, irin su Sulfurospirillum da Desulfitobacterium da Geobacter da wasu Dehalobacter, kuma ana samunsu a wurare da yawa. Biyun ƙarshe kuwa, wanda aka fi sani da su shi ne Dehalococcoides. A 1989 masu bincike a jami'ar Konel ta Amurka, Freedman da Gossett, suka nuna cewa ana iya kai PCE har etilin. A 1997 aka ware halittar da ke yin hakan daga dagwalon matatar bahaya, kuma a 2013 aka raɗa mata suna Dehalococcoides mccartyi don girmama Perry McCarty na jami'ar Stanford. Halitta ce mai tsirfa. Haidurojin kaɗai take karɓa, tana buƙatar bitamin B12 da ba ta iya haɗawa da kanta sai maƙwabta sun ba ta, iska kaɗan na kashe ta, kuma idan ruwa ya yi tsami takan daina aiki. Wani bincike na 2002 ya duba wurare 24 a Arewacin Amurka da Turai: a 21 da aikin ya kai etilin an same ta, a ukun da ya tsaya a cis-DCE ba a same ta ba. Ko cikin danginta ma ba kowa ke numfashi da binil kulorayid ba, sai masu ɗauke da ƙwayar gado da ake kira vcrA ko bvcA.

Don haka idan aka zuba mazarƙwaila a wurin da masu matakin farko ke da rai amma mai matakin ƙarshe ya tsaya, abin da za a samu shi ne a hanzarta mayar da PCE zuwa binil kulorayid, wanda ya fi shi guba, ya fi shi saurin tafiya cikin ruwa, kuma iska ne a yanayin zafinmu, yana iya tasowa ta tsagar daɓe ya shiga ɗakin da aka rufe ƙofa da taga saboda hunturu. Sukari mai yawa kuma yana tsamar da ruwan, ya narkar da ƙarfe da manganis daga ƙasa, ya tara iskar metan mai kama wuta. Na ce masa a dakata, a fara tambayar abin da ya tsayar da aikin.

Gauraye

Zato na farko a irin wannan hali shi ne babu Dehalococcoides a wurin. An gwada da na'urar PCR mai gano ƙwayoyin gado, irin wadda mutane suka saba jin sunanta lokacin korona, aka samu tana nan, har da vcrA, sai dai ba yawa. Masana sukan ɗauki ƙwaya miliyan 10 a lita a matsayin adadin da aiki ke tafiya da kyau, namu bai kusanci nan ba. Tana nan amma ba ta hayayyafa. Sai hankali ya koma kan sunaye biyu na takardar da suka fito daga gefen gabas, na gareji, wato TCA da kulorofom.

Wannan ba sabon abu ba ne. Ɗakin binciken Elizabeth Edwards a jami'ar Toronto, inda aka raini gaurayen bakteriya mai ɗauke da Dehalococcoides da ake kira KB-1, ya wallafa a 2002 cewa kulorofom da TCA suna danne aikin, kuma matakin binil kulorayid ne ya fi jin jiki. Suna toshe enzayim ɗin, wato sinadarin jikin bakteriya da ke cire kulorin, wanda a tsakiyarsa akwai dangin bitamin B12. Kulorofom ma ya daɗe da suna wajen kashe bakteriyar da ke yin metan, kuma ba sai ya yi yawa ba. Shi ya sa wurin da aka zubar da sinadari ɗaya zai iya warkewa da kansa a hankali, na kusa da shi da aka zubar da uku ya tsaya cak. A ganina wannan ne abin da aka fi yi wa sakaci: ana kallon sinadarin da ya fi yawa a takarda a ce shi ne matsalar, alhali ɗan ƙaramin da ke ƙasan jeri shi ke riƙe da ƙofar.

Maganin da aka samo shi ma daga bakteriya ne. A 2006 Grostern da Edwards suka bayyana wani Dehalobacter da ke numfashi da TCA, yana mayar da shi sinadari mai kulorin biyu sannan mai ɗaya. Da aka haɗa shi da KB-1, sai TCE ya wuce har etilin. A 2010 suka nuna irinsa na numfashi da kulorofom, yana mayar da shi daikulorometan, wanda wasu halittun ke ruɓarwa zuwa asitet da makamantansa. A Ostireliya ma, masu bincike a Sidni sun samo irin wannan daga gurɓataccen filin masana'antu na Botany. Ke nan akwai tsari: sai an kawar da mai toshewa kafin mai gamawa ya motsa.

Gwajin kwalba

Maimakon a gwada a ƙarƙashin gidajen mutane, aka gwada a kwalba. An ɗebo ƙasa da ruwa daga gefen shagon wanki, da gefen gareji, da kuma baƙar lakar wani kwatami da ruwan wankin gareji ya shekara yana taruwa a ciki. Aka zuba a kwalaben gilashi masu murfin roba, aka kore iska da naitirojin, aka ɗiga wani rini da ke komawa ruwan hoda idan iska ta shiga. Wasu aka sa musu abinci, wasu aka bar su haka, wasu aka kashe duk abin da ke cikinsu da zafi don a bambanta aikin halitta da yoyon murfi. Aka ajiye a duhu. Abu ɗaya da ke taimakonmu a nan shi ne ɗumi: ruwan ƙasarmu yana kusa da zafin da waɗannan halittu suka fi so, saɓanin ƙasashen sanyi inda komai ke jan ƙafa. Duk da haka watanni aka yi ana jira, kuma kowane awo sai an aika kudu, wanda shi ya fi cin kuɗi.

Kwalaben gefen shago, inda PCE da 'ya'yansa ne kusan kaɗai, da aka ba su abinci sun tafi har etilin, a hankali amma sun kai. Na gefen gareji da aka ba abinci iri ɗaya sun yi abin da aka ji tsoro: TCE ya ragu da sauri, cis-DCE ya taru, binil kulorayid ya hau ya zauna, ba etilin, ba metan. Na nuna wa yaron, ɗan mai gidan, layin binil kulorayid a takardar, na ce ga mazarƙwailarka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da a ƙarƙashin ɗakin Inna za ta taru ke nan."

Kwalaben da suka fi ba da sha'awa su ne na gefen gareji da aka ƙara musu lakar kwatami. Sun daɗe ba motsi. Daga baya kulorofom ya fara sauka, daikulorometan ya bayyana ya sake ɓacewa, TCA ya bi baya, kuma gwajin PCR ya nuna Dehalobacter ya ƙaru. Sai bayan waɗannan biyun sun yi ƙasa sosai binil kulorayid ya fara raguwa, etilin ya fito. Jerin ya zo daidai da abin da aka gani a Toronto. Ban yi mamakin samun irin wannan halitta a kwatamin ba. Wuri ne mara iska, mai abinci, da ya shekara yana shan sinadarin, kuma irin wuraren nan ne aka fara samo su a ko'ina.

An ga wasu ƙananan abubuwa. Kwalaben sukari sun fi saurin tsami, na man waken suya sun fi natsuwa saboda mai a hankali yake ruɓewa. Duk kulorin da aka cire ma yana ƙara tsami, don haka dole a sa abin da zai daidaita. Wani dattijo ya ce ai kanwa na kashe tsami, kuma bai yi kuskure ba, tunda soda ce a cikinta. Amma kanwar kasuwa tana zuwa da gishiri iri-iri, kuma idan da salfet a ciki, masu numfashi da shi za su yi wa namu takara a kan haidurojin. Aka tsaya a kan bakin soda, wato sodar da ake sa wa kek. An kuma yi maganar garin ƙarfe daga wurin masu walda, tunda tun shekarun 1990 ake gina katangar garin ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa bisa binciken Robert Gillham na jami'ar Waterloo. Yana rusa TCE da TCA, amma tarkacen walda cike yake da mai da fenti da wasu ƙarafa, ba zan so a binne shi kusa da rijiya ba.

Akwai saura biyu da kwalba ba ta warware ba. TCA idan ya sauka yakan tsaya a kuloroyitan, mai kulorin ɗaya, wanda bakteriyar da ba sa son iska ba su cika taɓawa ba. Kuma a da a masana'anta ana haɗa TCA da wani sinadari mai suna dayoksen don kada ya ci alminiyum. Shi ba shi da kulorin, yana bin ruwa da sauri fiye da sauran, kuma sai da iska ake rusa shi. Awonsa daban ne, an sa shi cikin jerin abin da za a auna a rijiyoyin ƙarshen gangare. Can gefen, inda ruwan sama ke shigo da iska, akwai ɗan sauƙi, domin binil kulorayid da ya kai wurin mai iska wasu bakteriya irin su Mycobacterium na cinye shi.

Inda aka tsaya

Rijiyoyin da abin ya shafa an rufe su da silaf, ba sha, ba wanka, ba alwala. Wasu sun ce a tafasa ruwan. Tafasa na korar sinadarin, amma cikin hancin mai dafawa yake tafiya. Alif da hodar kulorin ba sa taɓa shi, gawayin murhu kuma ba shi ne gawayin tacewa na masana'anta ba. An kwashe dagwalon ramin da rani aka zuba a durorin ƙarfe masu murfi, an cike ramin da laka aka daɓe don kada damina ta ƙara tura abin ƙasa. Ɗakunan da suka fi kusa an liƙe tsagogin daɓensu, an ce a riƙa barin taga. Masu gareji na yanzu, waɗanda yawancinsu yara ne lokacin da aka yi zubin, sun yarda su daina juye komai a ƙasa, kuma shugabansu ya ba da wurin da za a kafa bututun awo.

An yi maganar sayo gaurayen bakteriya daga Kanada, tunda ana sayar da irin da ke ɗauke da Dehalobacter da Dehalococcoides tare, a tukwanen ƙarfe da ba iska. An yi amfani da irin wannan dashe tun gwaje-gwajen sansanonin sojan sama na Dover da Kelly a Amurka, waɗanda aka wallafa a 2000 da 2002. Amma kuɗin dala ne, ga izinin shigo da halitta mai rai, ga doguwar tafiya cikin zafi. Ni dai na fi karkata ga rainon na kwatamin, wanda ya saba da ruwan da ƙasar, kuma yaron yana ta ƙara shi daga ƙaramar kwalba zuwa babba.

Tsarin da aka rubuta shi ne a fara da gefen gabas kaɗai, da bututu biyu kusa da juna nesa da ɗakunan kwana: a ɗura man waken suya da aka kaɗa da ruwa da bakin soda, a jira iska ta ƙare, a ɗura rainon, a riƙa aunawa. Ba za a sa abinci a sauran filin ba sai kulorofom da TCA sun sauka a bututun awo kuma an ga etilin. Idan binil kulorayid ya hau bai sauko ba, a tsaya.

Har yanzu ba a ɗura komai ba. Mai shagon wanki ya rasu, magadansa sun ce ba su san zancen ba, kuma kuɗin bututu da na awo ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Mai unguwa ya sa an rubuta rahoto don a kai ma'aikatar muhalli ta jiha da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don kula da ƙa'idojin muhalli. Kafin amsa ta zo, gidajen da aka rufe wa rijiya suna sayen ruwa wurin 'yan garuwa, maƙwabtan sama da gangare suna ba su wasu jarkoki kyauta, kuma an shirya sake ɗiban samfur bayan damina, lokacin da ruwan ƙasa ya hau ya taɓa lakar da ba ya kaiwa da rani.